Jirgin ƙasan cikin garin Abuja: wa aka yi wa shi ne wai? (hirar ƙarshen 2024)

Baban Khalifa (Kubwa): Salamu alaikum jama'a. Yau dai Allah ya yi na shiga jirgin nan na cikin gari da ake ta magana, shekara nawa ina ganin layin dogon ta bayan unguwarmu ban taɓa tunanin zan hau ba. Daga Gbazango na shiga, muka bi Kagini, Deidei, Gwagwa har Idu, daga nan aka miƙa cikin gari zuwa tashar Metro. Wlh ko sisi ban biya ba, ga esi ga kujera, ba mai ɗora maka buhun albasa a cinya, ba yaron mota da zai ce ka matsa mutum huɗu ne a baya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne me ya sa mutanenmu da yawa har yau ba su san ana hawa ba, a layinmu kaf ni kaɗai ne na taɓa shiga. Ku me kuka gani?

Sani Mararaba: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ka more, Allah ya ƙara daɗi. Mu dai nan ɓangaren ko ƙarar jirgin ba ma ji balle esi

Maman Ihsan: Dan Allah da gaske kyauta ne? Ni na ɗauka wata biyu kawai aka ce

Baban Khalifa (Kubwa): Hajiya da farko wata biyu ministan Abuja Wike ya ce, to ranar da aka sake buɗewa 29 ga Mayu sai Tinubu ya ce a bar shi kyauta har ƙarshen wannan shekarar ta 2024. Ki shirya yara ranar da ba makaranta ku je ku sha iska.

Sani Mararaba: To ai kun ji, "ku je ku sha iska". Nan ne gizo ke saƙar. Jirgin da aka kashe wa sama da dala miliyan 800 ya koma wajen kai yara yawon buɗe ido. Ni ba wai ina baƙin ciki da 'yan Kubwa ba ne Allah ya sani, amma dan Allah a tsaya a duba, duk wanda ya san Abuja ya san inda mutane suke kwana: Nyanya, Karu, Mararaba, Ado, Masaka har Keffi. Ka fito ƙarfe biyar da rabi na asuba ka ga yadda hanyar nan take daga Mararaba zuwa shataletalen AYA, mota kan mota, mutane tsaye bakin titi kamar ranar idi kowa na ɗaga hannu, wani ya yi sallar asuba a gida amma sai tara ta wuce yake isa ofis, da yamma kuma a sake sabon lale. Shi ne aka tsallake duk wannan aka kai layin dogo filin jirgin sama. Mutum nawa ne a cikinmu nan yake hawa jirgin sama a shekara? Kuma shi mai hawa jirgin saman ai direbansa ne zai kai shi, ba zai ja akwati zuwa tashar jirgin ƙasa ba.

Ɗan Katako (Deidei): Malam Sani ka faɗi gaskiya amma ka rage wani abu. Ai ba layin filin jirgi kaɗai ba ne, akwai namu na Kubwa. Kuma Deidei da Gwagwa ba unguwar masu kuɗi ba ce, talakawa ne zalla irina.

Sani Mararaba: Na yarda. To kai sau nawa ka hau?

Ɗan Katako (Deidei): Hhhh sau ɗaya. Ni sana'ata ba ta jirgi ba ce, wa zai bar ni in shiga da falanki goma sha biyu

Injiniya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri da tsoho. Aikin nan tun 2007 aka ba da kwangilarsa, ƙarshen mulkin Obasanjo, kamfanin CCECC na Sin aka ba. Ya yi ta jan ƙafa saboda kuɗi har sai da aka ciyo bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, sannan Buhari ya buɗe shi 12 ga Yuli 2018. Kun ga shekara 11 kenan ana aikin da bai kai kilomita 50 ba. Tasha 12 aka gina amma lokacin da aka buɗe uku ne kawai ke aiki, Metro da Idu da filin jirgi, taragu ma uku ne kacal. Bai cika shekara biyu ba korona ta zo a 2020 aka rufe, sai da ya yi shekara huɗu a kwance, ɓarayi suka samu gona suka dinga yanke wayoyi suna kwasar abin da za su iya ɗauka, aka sake zuba kuɗi aka gyara. To wannan tarihi ne kowa zai iya nemowa. Abin da nake so ku gane shi ne a asalin tsarin akwai layin da zai je Nyanya da Karu, yana nan a takarda. Kashi-kashi aka raba aikin, aka fara da waɗannan biyun. A ganina an fara da mai sauƙi ne: ta Idu da Wupa da Bassanjiwa fili ne fetal, ba ka rusa gidan kowa ba, ba diyya mai yawa. Amma ka ce za ka ratsa Nyanya da layin dogo, gida nawa za ka taɓa, ga duwatsu ta wajen Kugbo, sannan kana wuce Nyanya ka shiga jihar Nasarawa, wata gwamnatin ce daban sai an zauna da ita.

Sani Mararaba: Ranka ya daɗe Injiniya ai ka ƙara min hujja ne. An bar jaki ana dukan taiki. Wato inda aiki ya fi sauƙi aka je, ba inda mutane suka fi buƙata ba

Injiniya: Ban musa maka ba Sani. Ina dai faɗa maka yadda aka yi ne, ban ce daidai aka yi ba.

Ummi: Baba Injiniya ni tambayata daban ce, a Intanet in ka duba irin wannan jirgin na wasu ƙasashe sai ka ga ɗan siriri ne yana bin tsakiyar titi da waya a samansa, yana tsayawa kamar bas. Namu kuma na ga kamar jirgin Kaduna ne aka rage masa tsawo. Duk abu ɗaya ne?

Injiniya: 'Yata kin lura da kyau. Wanda kike gani ɗin shi ne ainihin ƙaramin jirgin cikin gari, da lantarki yake tafiya, tashoshinsa kusa-kusa, yana bin inda shaguna da gidaje suke. Na Adis Ababa haka yake, an buɗe shi 2015, layi biyu tasha 39, a tsakiyar gari yake ratsawa. Namu dizal yake sha, faɗin layinsa ɗaya da na Kaduna, tsakanin tasha da tasha kuma tafiya ce mai nisa. Suna ne kawai ya bi shi, amma a aikace jirgin kai mutanen bayan gari cikin gari ne. Kuma wannan ba aibi ba ne in an yi shi yadda ya kamata. Abu biyu ke raya irin wannan jirgin. Na farko mutum ya fito daga gida ya taka da ƙafa ya isa tasha, ya sauka ya taka ya isa wajen aiki. Na biyu ya zama ba sai ka haddace lokaci ba, in wannan ya wuce ka san wani na tafe nan da minti goma ko sha biyar. In aka rasa biyun nan ko kyauta ne mutum zai gwada sau ɗaya ya ɗauki hoto ya koma wa motar haya.

Baban Khalifa (Kubwa): To a nan kam zan faɗi gaskiya tunda ni na kawo maganar. Da na sauka a Metro, wajen dogayen benayen nan na World Trade Center, sai na tsaya ina waige-waige, don ofishinmu ba nan kusa ba ne. Cikin gari ba acaɓa tun zamanin El-Rufa'i, keke ma ba ya shiga nan. Sai da na taka har bakin babban titi rana na dukana sannan na samu mota, kuma da safen ma sai da na hau acaɓa daga gida zuwa Gbazango. Da na lissafa, eh na rage kuɗi, amma ba kamar yadda na zata ba. Sannan dole na daidaita fitowata da lokacin jirgin, in na makara minti biyar shikenan sai dai in koma titi.

Sani Mararaba: Alhamdulillah gaskiya ta fara fitowa da kanta 😂

Baban Khalifa (Kubwa): Kai dai Sani ba ka da dama. Duk da haka gobe ma shi zan hau in sha Allah, ko ba komai hankalina a kwance yake, ba na tunanin ko motar 'yan wan cans, ɓarayin nan masu fakewa da motar haya, na shiga. Wata uku da suka wuce ƙanin matata haka suka yi masa, daga Area 1 ya shiga mota da yamma, suka karɓe waya suka kwashe abin da ke asusunsa suka watsar da shi a hanya. Wanda abin bai taɓa shafa ba ba zai gane darajar ka zauna cikin jama'a da ma'aikata a tsaye ba.

Maman Ihsan: Innalillahi, Allah ya tsare gaba. Wannan kaɗai ma ya isa dalili wlh, musamman mu mata. Ni jirgin cikin gari da na taɓa hawa na Makka ne lokacin aikin Hajji, wanda ke ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Ikon Allah, dubban mutane a tsaye amma kafin ka ce kwabo an kwashe su wani ya sake zuwa. Na ce oh ni 'yasu yaushe za mu ga irin wannan a gida

Injiniya: Hajiya shi ma ai kamfanin Sin ne ya gina shi, 2010 ya fara aiki. Kin ga bambancin, can an san daidai inda mutane za su tashi da inda za su sauka, aka shimfiɗa layin a kan hanyar tasu.

Direba Mai Golf: Ina ta jin ku ina dariya. Ni shekarata 14 ina lodin Kubwa zuwa Berger da Wuse, da aka ce jirgi zai dawo kuma kyauta wasu abokan aikinmu har sun fara cewa abincinmu ya ƙare. Wlh ko a jikina, fasinja na nan yadda suke. Abin da ya rage mana fasinja ba jirgi ba ne, man fetur ne, tunda aka cire tallafi a 2023 har lita ta haura dubu a 2024, dole mu ƙara kuɗin mota, ma'aikaci kuma ba zai iya zuwa aiki kullum ba sai ya zaɓi ranaku. Mai zuwa kasuwar Wuse ko Banex ko Jabi me zai kai shi Metro? Ni a ƙofar inda za shi nake ajiye shi. In suna da dabara ma mu za su nema, a ba mu wajen lodi a bakin kowace tasha, jirgi ya sauke mu kwashe, kowa ya samu.

Ummi: Kawu direba wannan shawarar taka ta fi ta wasu masu digiri

Direba Mai Golf: Ai titi ma makaranta ce 'yata

Abu Hanifa: Ni ina ganin kuna yi wa abin gaggawa. Abuja fa gari ne da ake kan ginawa, shekara 30 da suka wuce ina Gwarinpa take, ina Lokogoma? Wuraren nan da kuke cewa daji ne, Kukwaba da Wupa da sauransu, nan da shekara goma za ku ga gidaje sun cika su, kuma gara a shimfiɗa layin tun fili na nan da a bari sai an cika a zo ana rusau ana kuka. Yanzu ma ai an yi titunan shiga tashoshin, da can wasu ko hanyar kirki babu. Sannan ku tuna Idu, wanda ya taso daga Rigasa a jirgin Kaduna yana sauka zai iya canzawa ya shiga cikin gari ko ya wuce filin jirgi ba tare da ɗan tasi ya yanke shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen Kaduna da Zariya da Kano.

Sani Mararaba: Malam Abu Hanifa to wa zai zauna a gidajen da za a gina a Kukwaba? Ni ko kai? Fili a wajen nan miliyan nawa ne? Masu motoci uku-uku ne za su saya, su kuma ba jirgi za su hau ba. Talaka kullum ƙara tura shi waje ake, yau Mararaba gobe Masaka jibi Keffi. Bashin kuma da kuɗin ƙasa za a biya, har da harajin mai shayin Masaka da bai taɓa ganin jirgin ba. Mai albashin dubu 70 da kuɗin mota ke cinye kusan rabi shi ya fi kowa buƙatar abin nan yau, ba nan da shekara goma ba.

Abu Hanifa: To a fasa wanda aka yi kenan?

Sani Mararaba: Wa ya ce a fasa. Cewa na yi a daina yi mana biki a kansa kamar an gama, a zo a yi namu

Na Kurna: Ku dai ku gode wa Allah kuna da abin yin musu a kai. Mu a Kano tun 2016 Ganduje ya sa hannu da 'yan Sin kan jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, aka yi ta cece-kuce kan bashi, wasu na a yi wasu na kar a jefa jikoki cikin bashi, har ya sauka ko ƙarfe ɗaya ba mu gani ba. Kuma in maganar Injiniya ce ta mutane kusa da tasha ai Kano ta fi Abuja dacewa nesa ba kusa ba, ka ja layi daga Dawanau ka bi Kurna zuwa Bata ka ga ko tarago zai tafi da kujera ɗaya ba kowa. Yanzu adaidaita sahu ce ke ɗauke da garin gaba ɗaya, hayaƙi kamar ana gasa mu.

Ɗan Katako (Deidei): Na Kurna in aka kawo jirgi Kano ai sai an ware tarago guda na 'yan kasuwar Kwari da dilolinsu

Na Kurna: Da na masu tallan goro 😂 ba komai mu dai a kawo

Injiniya: Kafin ku yi ta sha'awa ku tambayi mutanen Habasha. Nasu da na yaba ɗazu, dala miliyan 475 ya ci, taragu 41 aka kawo, mutane kuma suna hawa sosai har ana matsatsi, amma bayan 'yan shekaru fiye da rabinsu suka kwanta saboda rashin kayan gyara, komai sai an yi odarsa daga waje da dala, kuɗin tikiti kuma bai isa ya riƙe shi ba. Saya ba wuya, riƙewa ce aiki. Shi ya sa ni kyautar nan ma take ɗan damuna, dizal ake ƙonawa kullum, ma'aikata na karɓar albashi, ƙafafun jirgi na cinyewa. Na fi son a sa kuɗi kaɗan wanda talaka zai iya, a san abin da ke shigowa, gwamnati ta cika sauran a fili cikin kasafi. Legas da kati suke biya a nasu, shuɗin layin daga Marina zuwa Mile 2 kilomita 13 ne kawai, ya fara ɗaukar mutane Satumbar 2023, ga jan layin ma daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara a Oktobar 2024. Da kuɗinsu suke hawa kuma suna cika shi, don ya bi inda gosulo ke cin ransu.

Maman Ihsan: Baba Injiniya dan Allah kar ka ja mana a sa kuɗi tun ban kai yara ba

Injiniya: Hhh Hajiya ba da ni ake shawara ba, na yi ritaya tuni. Ki hanzarta dai kafin Disamba ta ƙare.

Ummi: Ni wani abin da ban ji an taɓo ba shi ne dare. Masu aikin asibiti da masu gadi da masu aiki a otal da gidajen abinci su ne ke tashi aiki bayan isha, lokacin da mota ke wuya kuma lokacin ne 'yan wan cans suka fi ɓarna. In jirgi na yini ne kawai to su bai amfane su ba

Direba Mai Golf: Gaskiya ne, mu kanmu bayan ƙarfe tara tsoron ɗaukar wanda ba mu yarda da fuskarsa ba muke. Fasinja na tsoron direba direba na tsoron fasinja

Abu Hanifa: Duk wannan ai gyara ne ake iya yi ba sai an sake gini ba, a ƙara yawan zirga-zirga, a tsawaita lokaci, a sa bas-bas a bakin Metro masu zuwa Sakateriya da Wuse da Area 1. Ba biliyoyin dala ake nema ba a nan.

Sani Mararaba: A wannan kam mun haɗu. Amma ina nan kan bakana, ranar da na ga ana auna hanya ta Kugbo ranar zan yi tafi

Baban Khalifa (Kubwa): Sani ga shawara, ranar Juma'a ka shigo Kubwa ka kwana wajena, Maman Khalifa ta yi mana tuwon shinkafa, in akwai jirgi washegari mu hau tare har filin jirgin sama mu dawo, in babu mu bari sai Litinin ka wuce ofis daga nan. Ko ba komai ka ga abin da kake biyan bashinsa.

Sani Mararaba: Hhhh wato in sha gosulon Nyanya in ratsa gari in zo Kubwa don in hau jirgin kyauta. Kuɗin motar zuwan wa zai biya?

Baban Khalifa (Kubwa): Mai Golf zai ɗauko ka daga Berger

Direba Mai Golf: Da kuɗinsa dai. Ni ba Tinubu ba ne

Maman Ihsan: Baban Khalifa in ka je gobe dan Allah ka ɗauko mana hoton jadawalin lokutan ka turo nan, kuma ka tambaya min ko ana barin mutum ya shiga da abinci, yaran nan ba sa awa ɗaya ba su ce yunwa ba

Baban Khalifa (Kubwa): To Hajiya in sha Allah. Wacce tashar ta fi kusa da ku?

Maman Ihsan: Kagini nake jin, amma sai na tambayi Abban Ihsan in ya dawo